Kawuna ko Ƙasashe: Tarihin Rabon Kujerun Majalisar Tarayya Daga Mahangar Dutsi

Dutsi ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina, kudu maso yamma da Daura. Ba ita ce Dutse ta Jigawa ba, ba kuma Dutsin-Ma ba, ko da yake baƙo yakan rikita su. A zamanin En'e ƙasar Marusa ce, ɗaya daga cikin hakiman Sarkin Katsina, kuma har gobe fadar Katsina mutanenta ke kai gaisuwa. Amma da zarar an buga gangar zaɓe, sai mutumin Dutsi ya zama ɗan shiyyar Daura, watau mazaɓar ɗan Majalisar Dattawa ta Katsina ta Arewa. Ƙananan hukumomi 12 ne a cikin wannan shiyya, biyar kaɗai ne na masarautar Daura: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Sauran bakwai ɗin, Dutsi, Mashi, Mani, Bindawa, Ingawa, Kankiya da Kusada, ƙasar Katsina ce. A Majalisar Wakilai kuwa an ɗaura Dutsi da Mashi a kujera ɗaya. A Majalisar Dokokin Jiha tana da tata kujerar ita kaɗai.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka yi ƙuri'ar mutum ɗaya ta sami nauyi iri uku, gwargwadon majalisar da aka jefa ta dominta. Tushen al'amarin tambaya ce guda wadda Nijeriya ta shafe fiye da shekara saba'in tana juyawa: in za a raba kujeru, kawunan mutane za a ƙirga, ko kuwa ƙasashen da suke zaune a cikinsu?

Kafin a je Ikko

Haɗe Arewa da Kudu da aka yi a 1914 bai haɗe majalisa ba. Majalisar Dokoki da aka kafa a ƙarƙashin tsarin Gwamna Clifford a 1922 tana da zaɓaɓɓun wakilai huɗu, uku daga Ikko, ɗaya daga Kalaba, kuma ikonta bai ƙetaro Arewa ba. Gwamna ne ke yi wa Arewa doka da sanarwa, Razdan ya isar wa Sarki, Sarki ya isar wa hakimi. Ga talakan ƙasar Marusa, wakilcinsa ya ƙare a ƙofar dagaci. A 1934 ne aka kafa Lardin Katsina, aka ɗauko Katsina daga Lardin Zariya, aka ɗauko Daura daga Lardin Kano, aka haɗa su ƙarƙashin Razdan guda. Wannan haɗi shi ne kakan Jihar Katsina ta yau.

Tsarin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a farkon 1947, shi ya fara kai 'yan Arewa majalisar tsakiya. An kafa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna, su kuma su tsamo waɗanda za su tafi Ikko daga cikinsu. Ba a daɗe ba aka ga tsarin bai gamsar da kowa ba, sai Gwamna Macpherson ya sa aka bi ƙauyuka da gundumomi da larduna ana jin ra'ayin jama'a, har aka dangana da babban taron Ibadan a watan Janairu na 1950.

A can ne aka yi cinikin da har yanzu ba a gama biyan kuɗinsa ba. Shawarar da aka gabatar ita ce a ba Arewa kujeru 45, Gabas 33, Yamma 33. Wakilan Arewa suka ce ba su yarda ba, domin jama'arsu ta fi ta sauran biyun a haɗe, saboda haka rabin kujeru shi ne mafi ƙarancin haƙƙinsu. Sarkin Zazzau Ja'afaru ya bayyana cewa in ba a ba da rabin ba, Arewa za ta nemi a koma yadda ake kafin 1914, Sarkin Katsina Usman Nagogo kuma ya goya masa baya. Hujjar 'yan Kudu ita ce tarayya ba ta zaunuwa in ɗaya daga cikin abokan tarayya zai iya rinjayar sauran shi kaɗai. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, abin da ya sa gardamar ta ƙi mutuwa ke nan. Aka ƙare da ba Arewa abin da ta nema. Majalisar Wakilai ta 1951 ta sami zaɓaɓɓu 136: Arewa 68, Gabas 34, Yamma 34.

Sai dai kalmar zaɓaɓɓu tana bukatar sharhi. A Arewa ba kai tsaye aka yi zaɓen ba. Maza masu biyan haraji sukan taru a ƙauye su fid da wasu, waɗannan su je gunduma su fid da wasu, haka hawa-hawa har zuwa lardi, inda En'e ke da ikon cusa nata mutanen a zagaye na ƙarshe. Waɗanda suka tsira daga wannan rariya su ne 'yan majalisar Kaduna, daga cikinsu kuma ake fid da na Ikko. Jam'iyyar NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma ko kujera ɗaya ba ta kai da ita Kaduna ba. Watau an yi amfani da yawan talakawa an karɓo kujeru a Ibadan, rabon kujerun kuwa ya bi ta hannun masarautu.

Amfanin rabin nan ya bayyana a ƙarshen watan Maris na 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello kuma ya nemi a cire shekarar a bar abin sai lokacin da ya dace. 'Yan Kudu sun san in aka kaɗa ƙuri'a ba za su kai labari ba, sai suka fice. Abin da ya biyo baya sananne ne: ihun da aka yi wa wakilan Arewa a Ikko, tarzomar Kano a watan Mayu, da manufofi takwas da majalisun Kaduna suka zartar, waɗanda da an bi su da babu majalisar tsakiya sam. Tarurrukan Landan da Ikko suka haifar da tsarin tarayya na 1954, inda kujeru suka koma 184: Arewa 92, Gabas 42, Yamma 42, Kudancin Kamaru 6, Ikko 2. Har ila yau rabi ne cif.

Majalisa biyu

Da aka doso 'yancin kai sai aka bar maganar rabi, aka koma ga ƙidayar 1952 zuwa 1953, wadda ta ba Arewa mutum wajen miliyan 16.8 daga cikin miliyan 30.4. A zaɓen 12 ga Disamba 1959 kujeru 312 aka yi takara a kansu: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Wannan ne karo na farko da mutumin ƙauye a Lardin Katsina ya jefa ƙuri'arsa kai tsaye ga wanda zai tafi Ikko. Matarsa kuwa ba ta jefa ba. An ƙirga matan Arewa wajen rabon kujeru, aka hana su zaɓen waɗanda za su hau kujerun, kuma ba su sami wannan haƙƙi ba sai a 1976. Yana daga cikin dalilan da suka sa NPC ta ci kujeru 134 da ƙuri'un da ba su kai na NCNC da abokiyar ƙawancenta NEPU ba, alhali su kujeru 89 suka samu.

Don a rage wa ƙananan jihohi fargaba sai aka kafa majalisa ta biyu. (Jiha a Hausar wancan zamani tana nufin Arewa baki ɗayanta, ko Gabas, ko Yamma, kalmar ta yi ta ƙanƙancewa tare da abin da take nufi.) Kowace jiha ta sami kujeru 12 ba tare da duban yawanta ba, Ikko 4, sai wasu 4 da ake naɗawa bisa shawarar Firayim Minista. Nnamdi Azikiwe ne shugabanta na farko. Sunan da Hausa ta ba ta, Majalisar Dattawa ko Dattijai, ya dace da asalin kalmar a Latin, inda take nufin taron tsofaffi, kuma ya dace da halinta a lokacin: ba jama'a ke zaɓen 'ya'yanta ba, majalisun jihohi ke amincewa da sunayen da gwamnatocinsu suka kawo, kuma iyakar ƙarfinta ta jinkirta doka, wata ɗaya in ta kuɗi ce, wata shida in waninta ce. Gwamnati a Majalisar Wakilai take tsayuwa, a can kuma take faɗuwa.

Tun da haka ne, duk wanda ya mallaki alƙaluman ƙidaya ya mallaki ƙasa. Ƙidayar 1962 aka soke ta saboda gardama. Ta 1963 ta ba da mutum miliyan 55.6, Arewa na da miliyan 29.8, gwamnatin Gabas ta ƙi amincewa har ta kai ƙara Kotun Ƙoli, ba ta yi nasara ba. A kan waɗannan alƙaluma aka sake rabo don zaɓen Disamba 1964: Arewa 167, Gabas 70, Yamma 57, Tsakiyar Yamma 14, Ikko 4. Wata goma sha uku bayan zaɓen soja suka rufe majalisar.

Aron tsarin Amurka

Shekara goma sha uku da aka yi ba majalisa su suka sauya ma'aunin. Janar Gowon ya yanka ƙasa jihohi 12 a ranar 27 ga Mayu 1967, Lardin Katsina da na Zariya suka zama Jihar Arewa ta Tsakiya. Janar Murtala ya mai da su 19 a 1976, aka sake wa jihar suna Kaduna. Babu sauran wata jiha da za ta iya rinjayar sauran ita kaɗai, wanda shi ne ainihin abin da aka nema. Kwamitin Rotimi Williams da majalisar shirya tsarin mulki ta Mai Shari'a Udo Udoma suka ajiye tsarin Ingila suka ɗauko na Amurka, inda tun 1787 aka sasanta manyan jihohi da ƙanana ta hanyar ba kowace jiha sanata biyu, a majalisar wakilai kuma a bi yawan jama'a.

Tsarin 1979 ya ba kowace jiha sanata biyar, jimla 95, kuma jama'a ke zaɓensu. Majalisar Wakilai ta sami kujeru 449, an raba su bisa ƙidayar 1963, tun da ta 1973 an soke ta: Kano 46, Oyo 42, Sakkwato 37, Kaduna 33, har zuwa Legas mai 12 da Neja mai 10. Majalisar kowace jiha kuma ta zama ninki uku na kujerunta na tarayya, shi ya sa ta Kaduna take da 'yan majalisa 99, waɗanda mafi yawansu 'yan NPN ne, su ne kuma suka tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP a watan Yuni na 1981. Babban sauyin shi ne Majalisar Dattawa ta tashi daga 'yar rakiya ta zama kishiya. Doka ba ta tabbata sai majalisun biyu sun amince da ita. An gwada wannan ƙa'ida a 1981 ɗin, kuma a kan kuɗi aka gwada ta: majalisun sun saɓa a kan dokar rabon arzikin ƙasa, kwamitin haɗin gwiwa ya yanke hukunci, Shugaba Shehu Shagari ya sa hannu ba tare da an mayar wa majalisun ba. Jihar Bendel ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta rushe dokar.

Da zarar kujerar dattawa ta yi daraja, kuma aka ce kowace jiha rabonta ɗaya da 'yar'uwarta, sai neman jiha ya zama sana'a. Kowa ya sami rana sai ya yi shanya. An cire Katsina daga Kaduna a ranar 23 ga Satumba 1987. Jihohi suka kai 30 a 1991, suka kai 36 a 1996. Aka rage sanatoci zuwa uku-uku. Lissafin yana da ban sha'awa. Tsohuwar Jihar Sakkwato tana da sanata 5 cikin 95 a 1979. Yau da ta zama Sakkwato da Kebbi da Zamfara tana da 9 cikin 109. Tsohuwar Kaduna ta tashi daga 5 zuwa 6. Legas, wadda ba a taɓa yankawa ba, ta sauko daga 5 zuwa 3, duk da cewa a Majalisar Wakilai kujerunta sun ninka daga 12 zuwa 24. Yankin Arewa maso Yamma mai jihohi bakwai yana da sanata 21, Kudu maso Gabas mai jihohi biyar yana da 15, kuma wannan shi ne ginshiƙin ƙorafin da Inyamurai ke yi na a ƙara musu jiha. Babu wata ƙidaya da ta haifar da wannan rabo. Sanarwar soja ce a rediyo.

A tsakiyar wannan zamani an yi wani gwaji wanda bai daɗe ba, amma ya bar tabo. A zaɓen Yuli 1992, ƙarƙashin Janar Babangida, an mai da kowace ƙaramar hukuma mazaɓa, Majalisar Wakilai ta kumbura zuwa kujeru 593. Wannan ya fito fili da cewa ƙasa ake wakilta, yawan mutanen cikinta ba shi ne abin dubawa ba. Janar Abacha ya rushe majalisar a Nuwamba 1993. Da aka zo shata sababbin mazaɓu 360 a 1996, sai aka ɗauki ƙananan hukumomin nan a matsayin tubala: a haɗa biyu, a haɗa uku, a bar babba ita kaɗai, amma da wuya a tsaga ɗaya a sa rabinta nan rabinta can. Wannan taswira ce tsarin mulkin 1999 ya gada, kuma ita ake zaɓe a kanta har yau.

Abin da doka ta ce da abin da taswira ta nuna

Sashe na 48 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha sanata uku, Abuja ɗaya. Sashe na 49 ya ce wakilai 360 ne, daga mazaɓun da yawan jama'arsu ya yi kusan daidai gwargwadon iko, da sharaɗin kada mazaɓa ta ƙetare iyakar jiha. Sashe na 72 ya maimaita sharaɗin, ya ƙara da cewa a auna kowace mazaɓa da ma'aunin jama'a, watau abin da zai fito in aka raba yawan mutane da yawan kujeru.

Tsakanin jiha da jiha, rabon Katsina bai kauce wa ma'auni ba. Ƙidayar 1991 ta ba Nijeriya mutum kusan miliyan 89, Katsina wajen miliyan 3.75; in aka yi lissafi kujeru 15 ke fitowa, su ne kuwa take da su, biyar a kowace shiyya. Ƙidayar 2006 ta ba ƙasa miliyan 140.4, watau mutum wajen 390,000 ga kowace kujera, Katsina kuma miliyan 5.8, wanda ya sake faɗawa kan 15. Ɓarakar tana cikin gida. Bisa alƙaluman 2006, Dutsi tana da mutum wajen 120,000, Mashi wajen 170,000, jimlarsu ba ta cika 300,000 ba. Maƙwabciyarsu mazaɓar Daura da Sandamu da Mai'aduwa ta haura 550,000. Ta Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa a kudancin jihar ta haura 570,000. Kowacce wakili ɗaya take aikawa Abuja. Ashe ƙuri'ar manomin Shargalle a ƙasar Dutsi ta kusa ninka ta ɗan kasuwar Mai'aduwa nauyi, alhali shiyyarsu ɗaya, sanatansu ɗaya. Ba wata alfarma aka yi wa Dutsi ba. Tubalan da aka yi ginin da su ne ba girmansu ɗaya ba.

A majalisar jiha tazarar ta fi haka. Sashe na 91 ya ce kujerunta su zama ninki uku ko huɗu na kujerun jihar a Majalisar Wakilai, amma kada su gaza 24, kada su wuce 40. Ninki uku na 15 shi ne 45, ya riga ya fasa rufin. Abin da ke akwai a Katsina kujeru 34 ne, daidai da yawan ƙananan hukumomi, kowacce ɗaya. Ɗan majalisar Dutsi da na birnin Katsina, wanda mutanensa suka haura 300,000 a 2006, hannu ɗaya-ɗaya suke ɗagawa. Tsarin 1992 da aka rushe a Abuja yana nan da ransa a majalisar jiha.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin daskarewar taswirar yana cikin tsarin mulkin kansa. Sashe na 73 ya ce hukumar zaɓe ta riƙa duba iyakokin mazaɓu bayan tazarar da ba ta gaza shekara goma ba. Ya hana gaggawa ke nan, bai hana jinkiri ba. Amurka, inda aka yi aron, ta wajabta ƙidaya duk shekara goma, kuma bayan kowace ƙidaya akan sake raba kujeru 435 tsakanin jihohi, wata ta ƙaru wata ta ragu, ba tare da an tambayi wanda zai yi asara ba. A Nijeriya sashe na 74 ya ce sabuwar iyaka ba ta aiki sai majalisun biyu sun amince da ita. Wanzami ba ya son jarfa. Ɗan majalisar da ya san kowane dagaci da kowane rumfar zaɓe a mazaɓarsa ba shi da dalilin sa hannu a ƙara masa baƙi ko a ɗebe masa na gida, kuma tun da jimlar 360 a kulle take, duk kujerar da aka ƙara wa wata jiha daga hannun wata za a karɓe ta. Hukumar INEC ta yi yunƙurin gyara fiye da sau ɗaya, bai kai ga aiki ba. Ko rumfunan zaɓe da ta so ƙarawa a 2014 sai da aka janye shirin saboda gardamar Arewa da Kudu. Sai a 2021 aka ɗaga su daga kusan 120,000 zuwa 176,846. Daɗin daɗawa, ba a sake ƙidaya ba tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta.

Akwai wani sakamako da masu shata taswirar ba su hango ba. Iyakar da ta daɗe takan zama ƙasa. Shiyyar Daura, shiyyar Funtuwa da shiyyar Katsina an yanka su ne don zaɓen sanata kawai, amma yau da su ake auna rabon muƙamai da makarantu da hanyoyi, da su ake tsara wanda zai tsaya gwamna da wanda zai yi masa mataimaki. Kujerar shiyyar Daura ta zagaya cikin masarautun biyu: Mahmud Kanti Bello na Ingawa ya riƙe ta daga 2003 zuwa 2011; Hadi Sirika, ɗan ƙasar Dutsi wanda ya zauna a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, ya riƙe ta a majalisar da ta ƙare a 2015; Mustapha Bukar na Daura ya gaje shi har rasuwarsa a 2018; Ahmad Babba Kaita na Kankiya ya ɗora zuwa 2023; sannan Nasiru Sani Zangon Daura. Matashin da aka haifa bayan 1999 yana iya zaton tun fil azal Kusada da Baure 'yan ɗaki ɗaya ne.

Igiyar da ke tsakanin Abuja da jiha

Sanata ba jakadan gwamna ba ne. Jama'a ke zaɓensa, su ne kuma sashe na 69 ya ba ikon yi masa kiranye, ko da yake ba a taɓa kai wani kiranye ƙarshe ba. Wannan ya bambanta da 1960, lokacin da gwamnatin Kaduna ke fid da sunaye. Amma a aikace gwamna ne yakan riƙe jam'iyya a jiharsa, jam'iyya kuwa ita ke ba da takara, shi ya sa Majalisar Dattawa ta cika da tsofaffin gwamnoni. Jiha tana shiga lissafi ta wata ƙofar kuma: sashe na 147 ya wajabta a ɗauki minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, dattawa ke tantance shi.

Ta fuskar yin doka, rinjayen Tarayya ba ɓoyayye ba ne. Jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke da iko a kansu ya zo da abubuwa 68 a 1999, daga soja da 'yan sanda da kwastan zuwa ma'adinai da ƙidaya. A jerin haɗaka kuwa, in dokar jiha ta ci karo da ta Tarayya, ta jihar ce ke faɗuwa. Hatta sunan Dutsi a cikin jadawalin farko na tsarin mulki yake, tare da sauran ƙananan hukumomi, kuma jiha ba ta iya ƙara wata ta tsaya da ƙafarta sai Majalisar Tarayya ta gyara jadawalin. Katsina ta ɗanɗana wannan a zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa: tana cikin jihohi biyar da suka ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi, Shugaba Obasanjo ya ba da umurnin riƙe kuɗinsu a 2004, ta janye. Legas ce ta tsaya ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ce riƙe kuɗin ya saɓa wa doka, amma sababbin hukumomin ba su cika ba sai an shigar da su jadawali.

Inda jihohi ke da nasu linzamin shi ne gyaran tsarin mulki. Sashe na 9 ya ce bayan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja, sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince. A nan Bayelsa mai mutum miliyan 1.7 da Kano mai miliyan 9.4, bisa ƙidayar 2006, murya ɗaya-ɗaya gare su, kamar yadda suke da sanata uku-uku. A nan ne kuma hannun ɗan majalisar Dutsi ke kaiwa har cikin tsarin mulkin ƙasa. Linzamin yakan yi aiki ta hanyar da ba a zata ba: a 2010 majalisun jihohi sun kasa cika adadin da ake bukata don gyaran da zai ba su kansu 'yancin riƙe kuɗinsu, abin da kowa ya fassara da tsoron gwamnoni. Wani lokacin kuma yakan sassauta: a watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a gyare-gyaren da suka mayar da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali zuwa jerin haɗaka, suka kuma faɗaɗa ikon jihohi a kan wutar lantarki.

Saura maganar sabuwar jiha, wadda ba ta taɓa lafawa a wannan yanki ba. An daɗe ana neman Jihar Bayajidda mai hedkwata a Daura, kamar yadda mutanen kudancin jihar ke neman Jihar Karaduwa. Ribar a fili take: sanata uku a maimakon ɗaya, minista, majalisa mai kujeru aƙalla 24, da kaso daga asusun Tarayya. Sashe na 8 ya shimfiɗa hanyar. Sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a Majalisar Tarayya da majalisar jiha da majalisun ƙananan hukumomi sun sa hannu a buƙatar. Sai kashi biyu cikin uku na mutanen yankin sun amince a ƙuri'ar raba gardama. Sai mafi yawan jihohin ƙasar sun yarda. Sannan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja. Mataki na ƙarshe ne ke karya gwiwa, domin ana roƙon wakilan jihohin Kudu ne su ƙara wa Arewa sanatoci uku, alhali yanzu ma 57 ne da 51. Tun kafin a kai can, akwai tambayar da ƙananan hukumomi bakwai na ƙasar Katsina za su amsa, Dutsi a cikinsu, ta ko zaman shiyya ɗaya da Daura na shekara kusan talatin ya isa su bar jihar da fadar sarkinsu take. Jiha ɗaya tak farar hula suka taɓa ƙirƙirowa a Nijeriya, Tsakiyar Yamma, bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Yuli 1963, kuma daga Jihar Yamma aka yanke ta a lokacin da jam'iyyar da ta kafa gwamnati a can take adawa a Ikko, ta kuma dare gida biyu.